Ranar da Aka Dawo wa Auta da Aikinta

Bara da kaka, ina shanya masara a tsakar gidanmu a Tsiga, autata ta fito daga ɗaki fuska a murtuke, ta dire kwamfutarta a kan turmi. Na ce ta ɗauke, turmi ba tebur ba ne.

Ni ban yi boko ba, amma na san sana'ar 'yata, don sai da na sa ta yi mini bayani har na gane. A cikin kowace kwamfuta akwai wani rubutu can ƙasa, shi ke tayar da ita, shi ke raba wa sauran aiki. Mutane da yawa ke rubuta shi, ba su ma san fuskar juna ba. Kowane ɗan guntun aiki a cikin rubutun da sunansa, in an kira sunan sai ya yi abin da aka sa shi. Wata huɗu Auta ta yi tana rubuta nata kason, sai ga shi babban da ke dubawa ya dawo mata da shi.

"Inna, aikin nan lafiya lau yake tafiya. Wai sunayen ne ba su yi masa ba. Na bar musu, su nemi wani."

"Me ya ce game da sunayen?"

Ta ce ƙa'idarsu, da sunan sashe ake farawa, sannan abin da aikin ke yi. Kuma in akwai mai "ɗauka", dole a sami abokinsa mai "mayarwa". Ita kuwa ta kira wani "ɗauko", wani "kamo", wani "samo", alhali duk abu ɗaya suke yi. Na mayarwar ma "gama" ta sa masa.

Raina ya ɓaci, amma ba da mutumin ba.

"Ke Auta, a gidan nan aka haife ki kuwa?"

Na ce mata, da aka kawo ni gidan, uwar mijina, Allah ya jiƙanta, tana da doka a kan dawar iri. Kowane dami da aka rataye a rumbu, da sunan gonarsa ake kiransa: irin tudu, irin fadama, irin bakin rafi. Ba mai ƙarawa, ba mai ragewa. Ko baƙo aka aika, ya san wanda zai sauko da shi.

Sai ƙanen mijina, mai son a ce ya waye, ya kawo wata dawa mai saurin nuna daga kasuwar Danja, da wata mai daɗewa daga wajen Malumfashi. Tsohuwa ta ce ya sa musu sunan gona. Ya yi dariya, ya ce ai shi ya san abinsa. Yau ya ce "'yar Danja", gobe "ja", jibi "tawa". Ana haka ya sami aiki a Funtua, ya tafi. Ruwan shuka ya sauka, ga dami biyu a rataye, ba wanda ya san wanne ne na ina. Maza suka yi cankensu. Mai daɗewar ta tafi tudu, damina ta ɗauke tana tsaye ba ido. Mai saurin ta tafi fadama, ta nuna ita kaɗai ana tsakiyar ruwa, tsuntsaye suka ci rabi, sauran ya yi baƙi a kan kara. Shekarar nan tun kafin bazara muka ga gindin rumbu. Ni na san abin da na dafa wa yayyenki a lokacin. Shi kuwa da ya dawo, cewa ya yi irin nan ba shi da laifi. To wa ya ce irin ke da laifi?

"Inna, wannan dawa ce."

"Ke ma kin san abinki, ko? In kin yi tafiya fa? In Allah ya yi miki rasuwa? Wanda zai zo bayanki ya ga 'kamo' da 'gama', ta ina zai san ashe ɗaukar da mayarwar ke nan? Ya ɗauka bai mayar ba, na'urar mutane ta tsaya, ki ce aikinki ba shi da laifi. Ba don kanki ake sa suna ba, don wanda bai san ki ba ne. Wata huɗu kin iya, kwana biyun gyara ne zai kashe ki? Mutumin nan mutunci ya yi miki da ya gaya miki. Da ni ce, ko dalili ba zan ba ki ba."

Ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Inna, da ke aka ba aikin dubawar nan, da kowa ya gudu."

"Da ragwaye sun gudu dai."

Ta ɗauki kwamfutar ta koma inuwar darbejiya. Kwana biyu ina jin ƙwas-ƙwas ɗinta ina sussukar masara. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta fara da sashensa, kowane mai ɗauka ta ba shi mai mayarwa. Ta aika. Bayan mako guda ta same ni a madafa ta ce an karɓa, saura suna ɗaya da ya ce ta gajarta.

Na ce ta gajarta, sannan ta zo ta riƙe mini tsani. Akwai damin da ɗan'uwanta ya rataye a rumbu yana ce masa "sabon nan", ina so a sauko da shi in ji na wace gona ne.