Inda Turai Ta Ƙare

A shekarata ta biyu a Lyon ina zaune a wani ɗan ɗakin ɗalibai a Bron, mai taga ɗaya da ke kallon layin tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari. Ban taɓa damuwa da sayen intanet mai yawa a wayata ba. Jami'a na da wifi, gidan ɗalibai ma na da shi, tsakaninsu kuma ƴar tafiya ce da nake jin daɗin yi ba wanda zai same ni. Layina shi ne mafi araha, na kira da saƙo kawai.

Ina da ƙawa a lokacin. A La Courneuve aka haife ta, gefen Paris, amma iyayenta ƴan Damagaram ne kamar nawa. Gidansu na fara sauka da na iso Faransa, kuma mahaifiyarta, Hajiya, ita ta saya mini rigar sanyi ta farko. Ƙawar tawa ta girme ni da shekara biyu. Ta iya tuƙi, ta iya faɗa da ma'aikatan ofis, tana dariya da dukan jikinta. Hausarta rabi Faransanci ce. Malama take kirana saboda littattafai, ni kuwa duk abin da ta yi burge ni yake.

Ita ta kawo maganar tafiya. Wata abokiyar aikinta da ke zaune kusa da Lyon ta yarda ta ara mata kampin-kar na mako guda, wato irin motar nan mai gado da madafi da ɗan banɗaki a ciki. Za mu tashi ranar Alhamis, mu ratsa duwatsu, mu faɗa Italiya. Da farko Hajiya ta ƙi. Daga baya ta ce in da ni za a je ta yarda, don ta san ni ba na wuce iyaka. Da na ji haka sai da na yi kwana biyu ina jin kaina wata babba.

Ranar Asabar kafin tafiyar, yayata ta haihu a Damagaram. Shekara tara tana jira. Mace ta samu, kuma tun muna ɗaki ɗaya ta yi mini alkawari cewa ƴarta ta fari sunana za ta ci. Da na ƙirga kwanaki sai na ga suna ya faɗo Asabar mai zuwa, rana ta uku a tafiyarmu. Mijin yayata ya ce kada in damu, zai kira ni ta bidiyo da safe, ya riƙe wayar kusa da liman, in ji da kunnena lokacin da za a faɗi sunan. Abin da nake so ke nan. Ban taɓa jin an kira sunana ga wata sabuwar rai ba, kuma na san sau ɗaya ake yi.

Na kira ƙawata na gaya mata a fili: in babu tabbacin intanet ranar Asabar da safe, ba zan je ba, zan zauna a ɗakina inda wifi ba ya yankewa. Ta ce ai wannan ba matsala ba ce. Ranar Laraba ta shigo jirgin ƙasa daga Paris, ta ja ni zuwa unguwar La Guillotière a cikin Lyon, ta ce a can ake samun layin tafiya mai araha.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai nama da mai sayar da atamfa. Mai shi dattijo ne ɗan Maraɗi, yana sayar da layukan waya da caja da dabino a kanta ɗaya. Da ya ji Hausata sai ya ajiye abin da yake yi. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi karatu, ya tambayi sanyin bara. Na ba shi labarin sunan, ya yi wa jaririya addu'a. Sannan ya ciro wani ɗan ambulan daga aljihun kanta.

"Wannan, ɗiyata, Turai duka yana aiki. Duk inda kika taka a Turai, za ki ga ƴar'uwarki kamar tana gabanki."

A bayan ambulan ɗin akwai jerin ƙasashe da ƙananan haruffa. Na gan shi. Na iya Faransanci, littattafai masu kauri nake karantawa da shi. Amma dattijo ya ba ni magana da harshen gida, ya kira ni ɗiyarsa, in juya takarda a gabansa in duba sai ya zama kamar na ce ban yarda da shi ba. Ba a koya mini haka ba. Ƙawata ce ta ɗauki ambulan ɗin lokacin da Malam mai shagon ke sa mini layin a waya. Na ga idonta yana bin jerin har ƙasa. Ta ce "C'est bon," wato ya yi, ta jefa shi cikin jakarta.

Ranar Alhamis ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Motar tana kaɗawa kamar kwalekwale, kofuna na ƙara a cikin kabad. Muka tsaya bakin wani tafki kafin iyaka, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka yi la'asar, ruwa na ɗaukar launin sama. Sabon layin ya yi aiki sarai. Yayata ta nuna mini tafin ƙafar jaririya, na nuna mata gadon da ke saman kujerar direba, ta yi dariya ta ce wannan ai akurkin kaji ne. Na rubuta layi huɗu na waƙa a kan ruwan, na ji duniya ta yi mini daidai.

Ranar Juma'a bayan azahar ƙawata ta bar hanyar Italiya. Ta ce ta Suwis ta fi kyau, mu kwana biyu a can, Lahadi mu gangara. Na yarda. A wurina, da wurin duk wanda na taso da shi, Suwis Turai ce. Akwai dusar ƙanƙara a kan duwatsu, akwai Turawa, me ya rage? Mun ɗan yi nisa da iyaka sai alamar rezo, wato sabis, ta ɓace daga wayata. Na kashe na kunna. Ƙawata ta ce duwatsu ne, gobe zai dawo. Na ce ai tata na aiki. Ta ce kamfani daban ne, kuma in nawa bai dawo ba, wayarta tawa ce, me nake tsoro? Muka tsaya a wani filin ajiye irin waɗannan motoci, bakin wani tafkin, nesa da ƙauye. Babu wifi a wurin, famfo ne kawai da kwandon shara.

Agogon Suwis ya wuce na gida da awa ɗaya, don haka sunan da za a yi ƙarfe bakwai a gida, ƙarfe takwas ne a wurinmu. Bayan asuba na sa doguwar rigar da na ajiye don ranar, na sa kwalli, na ɗaura ɗankwali a ɗan madubin banɗaki. Rezo bai dawo ba. Ƙarfe bakwai ƙawata ta ce za ta je ƙauye ta sayo burodi mai zafi, mu yi walimarmu a nan. Ta sauke keken da ke ɗaure a bayan motar. Na ce ta bar mini wayar. Ta ce ba ta san hanya ba sai da taswira, minti ashirin ne, ta sumbaci goshina ta tafi.

Na zauna a bakin ƙofar motar ina kallon hanya. Bakwai da rabi ta yi. Na hau wani ɗan tudu na ɗaga wayata sama, raɓa ta jiƙa gefen rigata. Takwas saura kwata na dawo, don kada ta zo ba na nan. Takwas ta yi. Ina iya ganinsu a raina: tabarmi a ƙofar gida, maza cikin fararen riguna, faranti na goro da dabino, rago ɗaure a gefe. Tafkin na gabana ko motsi ba ya yi.

Akwai wata motar a can gefe, labulenta a rufe. Na daɗe tsaye kafin in iya ƙwanƙwasa wa baƙi ƙofa da safe. Wasu tsofaffi ne, mata da miji, ba sa jin Faransanci sosai. Na yi ta nuna wayata ina cewa wifi. Matar ta gane. Mijin ya nemi gilashinsa, ya nemi wurin da ake buɗe intanet ɗin a wayarsa, ya yi kuskure, ya sake. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Lokacin da wayata ta haɗu, tara ta kusa.

Kiran da aka rasa suka shigo a jere, goma sha ɗaya, duka daga mijin yayata. Na kira. Ya ɗauka, bayansa hayaniyar mutane masu watsewa. Ya ce an riga an shafa fatiha, an sa sunan, Allah ya raya. Na ce to ya turo mini bidiyon. Ya ce tun da liman ya zauna yake tsaye da waya a sama yana kirana, in ta katse ya sake. Kowa ya ga waya a hannunsa ya ɗauka ɗauka yake yi, don haka ba wanda ya ciro tasa.

Ya kai wa yayata wayar cikin ɗaki. Ta dubi rigata da kwallina, ta dubi duwatsun da ke bayana. Ta ce ba komai, ai ta san ina yawo. Ta juya mini fuskar takwarata, tana barci. Na so in yi bayani, amma mata na ta shigowa barka, ta ce sai anjima.

Wajen azahar wata mota ta tsaya a bakin filin. Wani saurayi ya fito ya sauke keke daga bayanta, ƙawata ta fito ta ɗayan gefen da burodi a hammata. Daga baya na ji ɗan Tahoua ne, yana aiki a wani gari kusa, sun yi watanni suna magana. Ta shigo tana haske. Da ta ga fuskata ta ce, "Ayya Malama, désolée, lokaci ne ya gudu. Kin samu dai?"

Na ce ban samu ba. Na tambaye ta me ya sa wayarta ke aiki tawa ba ta yi.

"Ai Suwis ba ta cikin Turai ɗinsu," in ji ta, tana neman wuƙar burodi. "Turai ta masu waya ƙasashen Tarayyar Turai ce kawai. Ni tun a Paris na biya aka ƙara wa layina Suwis."

Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin yanayi. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Tun a Paris," na ce. "Kafin mu je shagon Malam."

"Da na gaya miki ba za ki zo ba. In ba ki zo ba kin san Hajiya. Kuma wallahi na yi niyyar dawowa kafin takwas." Ta ajiye wuƙar. "Haba, jaririya ce fa, ba ta ma san ana yi ba. Sunan ai yana nan, ba gudu zai yi ba."

Ban iya faɗa ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce ta ba ni ambulan ɗin. Ta zazzage jakarta ta miƙo mini. Na karanta jerin daga sama har ƙasa, yadda na ga ta yi a shago. Italiya na ciki. Da mun bi hanyar da muka ce, da na ji sunan.

Ba mu je Italiya ba. Na ce ta mayar da ni Lyon, ta mayar da ni. Muna tsallake iyaka wayata ta farfaɗo da kanta, alamar rezo cike. Da daddare Hajiya ta kira ta tambayi me ya dawo da mu da wuri. Na ce gajiya ce. Ta sa mini albarka, ta ce ta san ƴarta na hannu nagari. Na amsa da amin, na ji kunyar kaina, don ko a nan aikin rufa mata asiri da aka ɗauke ni in yi na ƙarasa.

Bayan mako biyu na koma La Guillotière na nuna wa Malam bayan ambulan ɗin, don kada ya faɗa wa wani abin da ya faɗa mini. Ya sa gilashi ya bi jerin da yatsa sau biyu.

"Suwis ba Turai ba ce? To Afirka ce?"

Na yi dariya, ita ce ta farko tun dawowata. Da na gaya masa abin da na rasa sai ya daina raha. Ya cika mini leda da dabino ya ƙi karɓar komai, ya ce in yafe masa. Na ce shi bai sani ba.

Ƙawata ta turo saƙonni, dogaye da gajeru, wasu da hotunan tafkin. Ina gaishe ta da salla, ina zuwa wurin Hajiya in na shiga Paris, amma ban sake kwana a gidan ba. Yayata ta huce da ta ji labarin duka, ko da yake har yau in na ce zan kira sai ta ce in dai ba na kan dutse.

Takwarata tana tafiya yanzu. Na sa mijin yayata ya ba ni labarin safiyar nan sau uku, ko wane liman ne, ko da wace irin murya aka faɗi sunan, ko mutane sun ce wani abu. Ya ce shi ma bai ji sosai ba. Hankalinsa na kan waya, yana jira in ɗauka.