Bakan Gizon Malam Barau

Ranar sunan ɗan ƙanin matarsa a Takur, Malam Barau ya yi wa surukinsa wanka da fura. Da idona na gani. An ba shi ƙwarya ya kai wa manya, yana tafe a hankali, sai lasifikar mai sanarwa ta saki wata irin ƙara, ƙiiiii! Barau ya saki ƙwaryar, ya toshe kunnuwa, ya durƙushe a tsakiyar jama'a. Fura ta sauka a babbar rigar Modibbo, uban matarsa, har gemu ya samu rabonsa.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Sai na waiga na hango Umaima, 'yar Barau mai shekara biyar, can a gindin bango ta durƙusa, hannu bibbiyu a kunne, sak ubanta. Nan take na daina dariyar.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi a Yalwawa. Ni Kamilu adaidaita nake ja, shi gyaran keken ɗinki yake yi a rumfar ƙofar gidansa. Agogo nake ce masa, don komai nasa da lokacinsa. In zai gaishe ka, takalminka yake kallo. Tsokanarsa kuma ba riba. In na ce, "Malam Barau, yau ka fito kamar ango," sai ya duba jikinsa ya ce, "A'a, Kamilu, rigar jiya ce." Tuwonsa gefe, miyarsa gefe, in suka haɗu ya fasa ci. 'Yan unguwa na cewa yana da ɗan taɓi, amma in kekensu ya ƙi ɗinki, wurin mai taɓin suke kawowa. Matarsa Zulaihatu kuwa cewa take bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko ta yabon miya.

Umaima ba ta magana. Ko ka kira sunanta ba ta waigowa, har aka ɗauka kurma ce. A rumfar ubanta take wuni, bayanta jingine da ƙafarsa, tana jera zare launi-launi. Su biyun ba mai kallon wani, ba mai cewa uffan, amma in ya motsa ƙafar sai ta laluba ta mayar da ita. Abinci ma a hannunsa kaɗai take ci, a wata shuɗiyar roba, tuwo gefe, miya gefe.

Bayan abin da ya faru a wurin suna, Zulaihatu ta matsa a je asibiti. Ni na kai su, kuma da yake kunnena ba ya zama a waje, na bi su ciki da sunan riƙe jaka. Likitar ta daɗe tana tambayoyi, rabi a kan yarinya, rabi a kan uban. Ta faɗi wani suna na Turanci da ya ƙi zama a bakina. Sannan ta ce ba hauka ba ne, kuma ba a raba mutane gida biyu, nan masu hankali, can marasa shi.

"Kamar bakan gizo ne," in ji ta. "Abu ɗaya ne, amma launi yana shiga launi, ba ka ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Umaima tana inda abin ya yi kauri, tana bukatar taimako sosai. Malam, ina zaton kai ma kana jikinsa, can inda ya yi haske-haske. Shi ya sa kake gane ta."

Ban taɓa ganin fuskar Barau kamar ranar ba. A hanya ya ce mini, "Kamilu, ashe abin yana da suna. Na zaci ni kaɗai ne."

Na ce, "To Agogo, daga yau kai ne Bakan Gizo."

Ya ce, "Gefe ɗaya dai."

Zulaihatu, don murna, ta kira mahaifinta ta ba shi labari. Ita ta ji launuka. Shi kuwa Modibbo, mutumin da ya tsufa yana kallon sama saboda gona da shanu, abu ɗaya ya sani game da bakan gizo: in ya fito, ya shanye hadari, ruwa ya ɗauke. Sai ya ce ai ga likita ma ta faɗa da bakinta, uban ne ya shanye wa yarinya magana. Ya zo da mota ya kwashi 'yarsa da jikarsa zuwa rugarsu, wai a yi mata magani nesa da shi. Barau ya tsaya a rumfa da sukuddireba a hannu yana kallon tayar motar. Surukuta ta ɗaure masa baki.

Damina ta wuce. Zaren da Umaima ta jera yana nan yadda ta bar shi, kullum sai Barau ya kaɗe masa ƙura. In na jefa masa wasa ta kan katanga, shiru. Ni ma sai na daina.

Ran nan Zulaihatu ta kira shi tana kuka, ta ce yarinya ta ƙi abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba, ta zama ƙashi da fata. Ya shigo gidana da shuɗiyar robar a leda ya ce, "Tashi mu tafi."

Da muka isa rugar, mun samu Umaima a bayan wata bukka, wuyanta duk layu, jikinta na warin hayaƙin magani. Barau bai kira ta ba. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Can sai ga ta, ba ta ko dube shi ba, ta juya ta jingina bayanta da ƙafarsa. Ya sa aka zuba tuwo gefe, miya gefe. Ta cinye tas, ta lashe hannu. Zulaihatu ta rufe fuska da mayafi.

Na ce wa Modibbo, "Baba, ka ga ikon Allah. A bar mana ita mu koma mana."

Ya ce, "Ba da kai nake ba, direba. Jikata ba za ta koma gindin abin da ke shanye ta ba. In kun huta, ga hanya."

Barau ya zare ƙafarsa a hankali. Yarinyar ta laluba, ba ta samu ba. Ya ajiye mata robar, ya taka har gaban surukinsa, idonsa a kan takalmin tsohon.

"Baba, ku masu cikakken hankali kun cika gidan nan, damina guda kun kasa ciyar da ita. A hannuna, ni mai taɓi, ta cinye kwano. To tsakanina da ku, wa ya shanye ta?"