Shekarar da Aka Ce Jinin Gidanmu Bai Cika Ba

Ko da zan manta duk abin da ya same mu a zamanmu na unguwar Maamobi a Accra, ba zan manta shekarar da aka dawo mana da ƙanena daga Turai aka ce jininsa ba lafiya ba. Har yau in na ga allurar ɗibar jini sai gabana ya faɗi.

Shi ne autanmu, kuma gola ne. Tun yana ƙarami yake faɗuwa yana tashi a filin ƙwallo na ƙasa da ke unguwar Nima, ya dawo gida gwiwa duk ƙurjewa. Ni ce babba, ina ɗinki a wani ɗan shago bakin titi, kuma tun rasuwar Baba ni da Mma muke riƙe da gidan. Bai kai ashirin ba wani ƙaramin kulob a arewacin Turai ya kira shi gwaji. Ranar tafiyarsa lungunmu kamar ana suna. Samari suka cika trotro, motar haya, suka raka shi filin jirgi.

A filin wasa ya burge su. Abin da ya rage kawai a duba lafiyarsa a sa hannu. Sai ga wayarsa da rana tsaka, ina kan keken ɗinki.

"Yaya, sun ce fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa sosai. Waɗanda suke yaƙi da cuta. Sun sake ɗiba, haka dai. Likitan ya ce in koma gida a duba ɓargona."

Na ce, "Me ake nema a ɓargo?"

Ya ce, "Wai ko kansar jini ce."

Ban san lokacin da na tashi na bar shagon a buɗe ba.

Ya sauka Accra da ƙafarsa, jikinsa a murɗe kamar yadda ya tafi. Amma mu ba jikinsa muka duba ba, maganar Turawa muka duba. Mma ta ɓoye takalman ƙwallonsa, ta hana shi fita rana, ta ware masa kofi da cokali. Labari ya zaga unguwa. Mutane suka riƙa shigowa gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, wasu da rubutu, wasu da saiwoyi, wata tsohuwa ma ta fashe da kuka tun daga bakin ƙofa. Yaron da yake cinye kwano biyu na waake, shinkafa da wakenmu, ya koma juya cokali a abinci. Ya rame, idanunsa suka zurma. Mu kuma muka ce ai ga ciwon nan ya fara nunawa. Sai yanzu nake gane cewa mu ne muke ramar da shi.

A babban asibiti aka haɗa mu da likitar jini, wata mata 'yar arewacin Gana mai Hausa irin tamu ta Zango, wadda mace ma "ka" ake ce mata, kamar namiji. Ba ta yi gaggawar taɓa ɓargonsa ba. Ta zaunar da shi tana tambaya. Yana yawan zazzaɓi? Bakinsa yana fashewa? Maruru fa? In ya ji rauni yana daɗewa bai warke ba? Duk ya ce a'a, sai dai zazzaɓin sauro kamar kowa. Ta duba jinin da kanta, ta sa muka yi ta komawa ana sake ɗiba. A zuwan ƙarshe ta ce tana son nawa da na Mma. Na ɗauka ƙarin jini za mu yi masa, na miƙa hannu da murna.

Da muka koma karɓar sakamako, ni ta fara kallo.

"Naka ya fi nasa ƙasa. Na Mma ma haka."

Kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakinta yana motsi, ni kuwa 'ya'yana biyu nake gani a makaranta, ina tunanin wa zai riƙe su. Mma ta dafe ƙirji tana salati, ta ce, "Gidan duka, likita?"

Likitar ta kama hannunta. "Mma, kar ka ji tsoro. Nawa ma haka yake. In na fita bakin titi na tare trotro na ɗebi jinin kowa, da yawansu haka zan gani. Ba ciwo ba ne. Gado ne."

Ta yi mana bayani a hankali, har ta maimaita. Ta ce a cikin abin da muke gada daga iyaye akwai umarnin gina wata 'yar mashiga, wadda ake samu a jikin jajayen ƙwayoyin jini da kuma bangon jijiyoyin jini. Kusa da umarnin akwai makunni, shi yake cewa a gina a nan, kada a gina a can. Tun zamanin kakannin kakanninmu, makunnin ya canza a jikin wasu: a bangon jijiya mashigar tana nan, a jajayen ƙwayoyi kuwa babu. To akwai wani irin zazzaɓin sauro da ta wannan mashigar yake shiga. Masana suna kyautata zaton waɗanda ba su da ita sun fi tsira, suka haifa, 'ya'yansu suka haifa, har kusan duk Afirka ta Yamma ta zama haka.

Mma ta ce, "To don me har yau sauro yake kwantar da mu?"

"Wannan wani iri ne dabam, hanyarsa dabam."

Ta ce abin da ya biyo canjin shi ne, wani kashi na fararen ƙwayoyinmu ba sa yawan zama a cikin jinin da allura take ɗiba, sun fi zama a cikin sassan jiki. In cuta ta zo suna fitowa su yi aikinsu daidai. Ma'aunin da aka gwada ƙanena da shi kuwa, da jinin mutanen can aka tsara shi.

Na ce, "Wato ba shi da komai?"

"Ba shi da komai. Ya je ya ci abinci."

Na zaci zai yi tsalle. Bai ko yi murmushi ba. Ya dube ta ya ce, "To kulob ɗin fa?"

Ta rubuta musu bayani a ranar. Amsa ba ta daɗe ba: sun ji daɗin lafiyarsa, amma sun riga sun ɗauki wani gola. A tashar motar unguwar Madina muke lokacin da saƙon ya shigo wayarsa. Ya zauna a kan wani benci, cikin hayaniyar 'yan kamasho da masu talla, ya rufe fuska yana kuka. Duk tsawon lokacin da ake ce masa zai mutu ban ga hawayensa ba sai ranar. Na tsaya a kansa. Abin da ya ceci kakanninmu shi ya rufe masa hanya, ba don yana da illa ba, sai don wanda ya gani bai san shi ba.

Bai sake zuwa Turai ba. Ya buga wa kulob-kulob na gida har gwiwa ta gaji, yanzu yana koyar da masu tsaron raga, ya yi aure, ya yi tumbi. Mma har ta rasu ba ta daina cewa da ta sani da ba ta hana shi rana ba.

Abin da na koya shi ne, in an faɗa maka magana mai nauyi a kan lafiyar wani naka, kada ka yi watsi da ita, amma kada ka fara makoki. Ka nemi wanda ya san abin, ka yi ta tambaya har ka gane, ka tambaya da wa aka gwada shi. Mu mun yi wa mai rai zaman makoki yana zaune a tsakaninmu yana kallo, kuma wannan ya fi duk abin da aka gani a jininsa cutar da shi.