Mestre Inacinho Barreto da Layuka Biyun da Ya Ƙi Rubutawa

Haihuwa da Karatu

An haifi Inacinho Piedade Barreto a shekarar 1919 a ƙauyen Morvalim da ke yankin Salcete na Goa, a ƙasar Indiya. Mahaifinsa Lourenço mai hawan bishiyar kwakwa ne, mahaifiyarsa Filomena kuma busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Margao. A 1926 aka sa shi makarantar coci, inda ya iya karanta rubutun kiɗa tun kafin ya iya rubuta sunansa, ya kuma ƙware a goge.

Aiki

Bayan shekara takwas yana kaɗa goge a Bombay, ya dawo gida a 1946 aka naɗa shi mestre, wato shugaban mawaƙa da makaɗan coci. A 1951 ya tsara Makokin Maryamu, waƙar Juma'a Mai Tsarki ta gab da bikin Ista, wadda mawaƙa ashirin ke rerawa tare da goge biyu da sarewa da babban goge, a tsakiyarta kuma murya ɗaya ke tashi ita kaɗai. A wancan zamanin ƙauyuka na satar waƙar juna, saboda haka ya bar layuka biyu na muryar nan bai rubuta ba. Da baki yake koya wa mai rera su, bayan ya sa shi ya rantse.

Aure da 'Ya'ya

Ya auri Esperança Colaço a 1952, suka haifi 'ya'ya huɗu. Burinsa shi ne Agnelo, ɗansa namiji tilo, ya gaje shi, amma a 1974 Agnelo ya sami aikin kuku a jirgin ruwa ya tafi. Tun daga nan Mestre bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Kowane wata sai ya rubuta masa wasiƙa yana tambayar ko yana cin abinci, da kuma yaushe zai dawo. Da mawaƙin da ya san layukan ya rasu a 1980, Mestre ya ƙi koya wa kowa, ya riƙa rera su da kansa, wai na Agnelo ne. Esperança takan ce masa yaron da ke soya kifi a tsakiyar teku bai san ana ajiye masa gadon waƙa ba.

Shekarun Ƙarshe

A Janairun 1991 ciwon ƙirji ya kwantar da shi, muryarsa ta dushe, ga Ista na matsowa, ga shi ba wanda ya san layukan sai shi. Agnelo ya aiko cewa kwangilarsa sai Mayu za ta ƙare. Bayan mako guda yana shawara da zuciyarsa, Mestre ya aika a kira Roque Mascarenhas, mestren ƙauyen Sirvoddem, mutumin da saboda shi aka ɓoye layukan tun farko, domin shi kaɗai ne a yankin zai iya rubuta kiɗa daga raɗa.

Da Roque ya iso, sai ya amsa cewa tun 1963 kwafin waƙar ke hannunsa. “Tsohon marowaci,” in ji shi, “shekara ashirin da bakwai muna yin shiru a giɓin da ka bari, mutanena sun ɗauka lokacin addu'a ne.”

“To ɓarawo, ɗauko alƙalami ka ƙarasa satarka,” in ji Mestre.

Kwana uku suka yi ana raɗawa ana rubutawa, Mestre na sa shi gogewa duk inda ya kuskure. A Juma'a Mai Tsarki ta shekarar, coci-cocin ƙauyukan biyu suka rera waƙar cikakkiya, kowanne da kwafinsa.

Rasuwa

Mestre Inacinho ya rasu ranar 9 ga Afrilu, 1991, yana da shekara saba'in da biyu. An binne shi washegari a maƙabartar cocin Morvalim, mawaƙan ƙauyukan biyu suka haɗu suka raka shi, Roque na jagorantarsu. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Perpetua, malamar makaranta a Margao, Lucinda, ma'aikaciyar jinya a Bombay, Carmelina, da ke aure a Sirvoddem, sai Agnelo, wanda kwafi na uku na waƙar ya same shi ta gidan waya a tashar jiragen ruwa ta Muscat, kamar yadda mahaifinsa ya yi wasiyya.