Zanen Goyo a Hanyar Kontagora

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Haka na taras, haka kuma na yi. Ɗiyata ta fari tun da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta zuwa gidanta, can bayan kasuwar Argungu. Ita ta yi mata kitso, ita ta sa ta makaranta, ita ta yi mata jeren aure. Ni kuwa in zan kira ta sai in ce "ke", ko in ce da ƙannenta, "Ku ce da waccan ta zo." In ta shigo gaishe ni, nakan duƙar da kai ina tsintar shinkafa in amsa ciki-ciki. Ba ƙi ba ne, kunya ce, ita ma ta san da haka. Amma in ta juya za ta fita, nakan bi bayanta da kallo har ta ɓace a zaure.

Aure ya kai ta Kontagora, inda mijinta ke koyarwa. Da ta samu ciki an shirya za ta dawo ta haihu a gaban yayata. Sai Allah ya karɓi ran yayata da damina, cikin kuma ya zo da laulayi har likita ya hana ta doguwar tafiya. Wata safiya, lokacin yankan shinkafa, surukina ya kira waya ya ce ta sauka. Namiji ne, bakwaini, an sa shi a kwalba, numfashinsa sama-sama. Daga nan ya miƙa mata wayar, na ji wata siririyar murya ta ce, "Inna, ki taho."

Tunda na haife ta ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar.

Maigida na kwance, lauje ya sare shi a ƙafa ta kumbura. Samarin gidan kuma suna fadama, in suka bar shinkafar tsuntsaye za su gama da ita. Ni ko Birnin Kebbi ban taɓa zuwa ba sai da ɗan rakiya. Na ce wa maigida ina jin tsoro. Ya ce, "Ke da Allah za ku tahi. Wa ya hi shi sanin hanya?"

Na haɗa kayan jego: gero da kanwa na kunu, yaji, man shanu, da busasshen kifi. Daga ƙarshe na buɗe akwati na ɗauko zanen goyo na saƙi, baƙi mai ratsin fari, wanda ya yi laushi don tsufa. Da shi yayata ta goyi ɗiyar tawa. Kafin ta rasu ta damƙa mini shi ta ce, "In ta haihu ki kai mata. Ki ce in ji ni." Ban sa shi cikin buhu ba. Na naɗe shi na rungume a cinyata, ina ta ayyana yadda zan ɗora jikana a baya da shi.

Washegari bayan asuba na shiga motar Birnin Kebbi. Wajen Ambursa na hango mutane jere cikin fadama suna yanka, wasu na bugu, sai na ji kamar in ce a sauke ni in koma cikin abin da na sani. A tashar Birni na sake mota. Direban ya ɗaga buhuna ya shinshina ya ce, "Kai, Inna! Halan kin kwashe kifin Argungu kaf? Yau kuliyoyi za su raka mu har Kontagora." Mutane suka yi dariya. Na ce masa na mai jego ne. Ya ce, "To Allah shi raya. Amma in mun isa a ɗan yago wa direba wutsiya."

Kujerar baya aka ba ni, jikin taga. Kusa da ni wata matashiya ce, Kirista, ta ce a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi take da shagon ɗinki, za ta gida ganin mahaifinta. Tana da jaririya goye da tawul. Da ta sauko da ita cinya sai yarinyar ta kama bakin mayafina ta ƙi saki.

Daga inda nake ba na ganin gaban mota, kawunan mutane da kaya sun tare. Sai dai in ga allon gari yana wucewa ta gefe. Karatun da na yi a ajin yaƙi da jahilci ya yi mini rana, don nakan haɗa baƙaƙen a hankali kafin allon ya ɓace. Na karanta Jega da kaina. Na karanta Koko. Duk allon da na karanta sai in ce a zuci, "Ya Allah ga ni tafe, ka riƙe mini shi har in iso." Ban roƙi wani abu ba bayan wannan. Har lissafi nake yi wa Ubangiji, ina ce masa saura kaɗan, ya ƙara haƙuri da ni.

Mun kusa Yawuri wayar ta yi ƙara. Na ga sunan surukina. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi hanya. Daga yawan gaisuwar na gane. Ya ce, "Inna, sai haƙuri. Yaron ya koma. Bayan azahar za a kai shi."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sa wayar a jaka. Hawaye bai zo ba. Matashiyar nan ta dube ni ta ce, "Mama, lafiya?" Da na faɗa mata sai ta ɗaga murya ta ce, "Direba, don Allah kashe waƙar nan." Ya kashe. Labari ya bi kujeru har gaba, kowa ya waiwayo yana cewa Allah ya sa mai ceto ne.

A Yawuri muka tsaya salla. Na yi alwala a bayan wata rumfar mai abinci, na haɗa azahar da la'asar kamar yadda malamarmu ta ce matafiyi na yi. Da na sallame na ɗaga hannu, sai na rasa abin roƙo. Addu'a guda na taho da ita tun daga gida, ga shi ta ƙare a tsakiyar hanya. A daidai lokacin ana can ana binne jikan da ban gani ba, ban ji ɗuminsa ba.

Sai zuciyata ta fara cewa in juya. Me zan je in yi? Wadda ta san yadda ake lallashin yarinyar nan tana kabari. Ni ban taɓa dafa kafaɗarta ba tun tana ƙarama. In na shiga ɗakin me zan ce mata, "ke"? Ga kuma zanen goyo ba abin goyawa. Na ji tsoron ta gan shi ciwon ya dawo sabo.

Na koma gindin bishiyar da matashiyar ke shayar da 'yarta, na miƙa mata zanen na ce, "Karɓi ki riƙa goya ƙawata. Tawul ɗin nan santsi gare shi."

Ta shafa shi, ta duba saƙar kamar yadda maɗinka ke yi. Ta ce, "Irin wannan ba a samunsa yanzu. Naki ne, Mama?" Na ba ta labarinsa. Sai ta ninke shi ta mayar mini a cinya, ta danne da hannunta. Ta ce, "A'a. Wannan saƙo ne aka ba ki. Mai saƙon ba ta ce ki kai wa jariri ba, cewa ta yi ki kai mata. Ki kai."

Na rungume zanen. Direba ya yi kira muka shiga.

Daga Yawuri hanya ta lalace, mota na faɗawa rami tana fita. Na jingina kai da taga ina tunani. Tun safe nake zaune bayan mutumin da ban san sunansa ba, ba na ganin gabana, ban san inda zai karkata ba, amma ban tambaye shi ko sau ɗaya ba. Na ba shi amana don kawai ya ce Kontagora za shi. To Wanda ya raya ni tun ina cikin uwata fa? Shi na yini ina faɗa wa abin da tafiyar nan take nufi da lokacin da ya kamata ya jira. Shi kuwa ya riga ya san yaron ba mai zama ba ne tun kafin in ɗaura buhu, amma ya bar ni na fito. Ke nan akwai abin da ya fito da ni dominsa. A nan ne hawayen suka zo. Na bar karanta alluna. Na ce, "Ya Allah, duk inda ka nufa da ni, kai ni. Ka sa mini magana a baki."

Gab da magariba muka isa. Direban ya sauke buhuna da kansa. Na kwance bakinsa zan ciro masa kifi, ya ce, "Haba Inna, wasa nike. A ba mai jego." Matashiyar ta tsaya tare da ni har surukina ya zo da babur, sannan ta tafi neman motar garinsu. Ban sake ganinta ba.

Na taras da ɗiyata kwance ta juya fuska bango. Maƙwabta suka ce tun da aka fita da yaron ko ruwa ba ta kurɓa ba. Na zauna bakin katifa na yi mata gaisuwa irin ta kowa, ta amsa ba ta juyo ba.

Da asuba na hura wuta na ɗora babbar tukunya, na sa aka karyo mini ganyen darbejiya. Ko ɗa ya koma, jikin uwa na nan ɗanye, wanka bai faɗi ba. Na dama kunun kanwa na rufe. Na shiga na ce, "Ke, tashi ruwa ya yi."

Ta ce, "Wankan mi zan yi, Inna? Don wa?"

Na tsaya riƙe da labule. Maganar da na roƙa a mota ba ta zo da tsawo ba. Sunanta ne kawai. Na kira shi, ya fito mini wani iri a baki kamar baƙon abinci. Na sake kira. Na ce, "Don ke. Don ke na taho."

Ta juyo ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Na zauna kusa da ita, sai ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka. Na dafa bayanta, na bar hannuna a wurin har ta yi mai isarta.

Na yi mata wankan. Da muka dawo ɗaki na nemi abin da zan ɗaure mata ciki da shi, kamar yadda ake yi wa mai jego, duk zannuwanta sababbi ne masu santsi. Sai na ɗauko na saƙin. Tana ganinsa ta gane shi. Ta kai shi hanci ta daɗe tana shaƙa. Na ce, "In ji ta." Na naɗa mata shi a ciki na ja na ɗaure tam. Ta ce, "Inna, a hankali mana, numfashi nike." Na ce haka ake yi, ta yi haƙuri. Ta ɗan murmusa. Na miƙa mata kwanon kunu ta karɓa da hannu biyu, ta sha.

Na zauna da ita har ta yi arba'in, na kuma dawo Argungu ni kaɗai ta hanyar da na bi. Zanen yana wurinta. Har yau in ta zo gida, gaban mutane "ke" nake ce mata, ita ma ba ta nemi in sake ba. Amma in ta kira waya nakan shiga ɗaki in saki labule, in amsa da sunanta.