Tukunyar Gindin Aduwa

Da rani ɗaliban jami'a suka sauka a kufan da ke gefen gonar Babanmu, tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Wai tsohon gari suke nema a ƙarƙashin ƙasa. Suka kafa turaku, suka ja zare gida-gida kamar za a yi dara, suna kankare ƙasa da cokalin magina, suna tankaɗe ta a rariya sai ka ce garin tuwo. Ni nake kai musu fura kullum da hantsi.

Tun ranar da na ga zarensu ya doshi gindin aduwa hankalina ya tashi. A nan muka taɓa yin bukka lokacin girbi, ina goyon ciki wajen iyayena. Haihuwa ta zo mini ba shiri. Inna ta wanke mabiyiya, ta sa a 'yar tukunya, ta kife kasko a kai, ta binne a bayan bukkar. A wajenmu ba a tona wannan. An ce in ta fito fili wani abu na iya samun ɗan. Ban san gaskiyar maganar ba, amma ni dai ba da tawa za a gwada ba.

Kullum in na taho sai in ce yau zan gaya wa malamarsu, in na iso kuma bakina ya mutu. 'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa cewa tawa ce a gaban mutane ba. In an tambaye ni, yarinyar Inna nake cewa. To ina ni ina zancen haihuwarta a gaban samari baƙi?

Ran nan na tarar sun cim ma daɓen mutanen da, ja sumul, sun share shi da burushi. Ga bakin kaskon Inna ya leƙo daga tsakiya.

Wani dogo mai yawan tsokana ya ce, "Mai fura, zo ki ga tukunyar kakanninki! In zinariya ce, da ke za a raba."

Malamar ta tsuguna ta duba. Ta ce, "Wannan ba ta da ba ce. Kun ga fasa daɓen aka yi aka sa ta. Amma ku ɗauki hotonta, a cire a sa a kwali, ma buɗe a makaranta."

Ina kallo suka ɗago ta. Na ajiye ƙwaryar fura a ƙasa.

Na ce, "Malama, don Allah kada a tafi da ita."

"Me ya sa, ƙanwata?"

"Ta wata yarinya ce."

"Wace yarinya?"

"Ta gidanmu."

Dogon ya ce, "Au, asusunta ne?" Suka kwashe da dariya, wani har ya fara buɗe kwalin.

Ban san lokacin da maganar ta fito ba, da ƙarfi kuma. "Mabiyiyar 'yata ce. A nan na haife ta."

Dogon ya cire hula yana sosa ƙeya. Ni kuwa ji na yi kamar zanina ya faɗi a tsakiyar kasuwa.

Malamar ta yaye gyalenta ta naɗe tukunyar, ta miƙo mini da hannu biyu. A hankali ta ce, "Ai da kin raɗa mini tun farko, da mun kauce wa wurin, ko taɓa ta ba za a yi ba."

Wannan ta fi ƙona ni. Ashe kalma ɗaya ce a kunnen mace 'yar'uwata, na kasa, har sai da rana ta haska abin da nake jin tsoro.

Na rungumo ta a cikin hijabi, na baro ƙwaryar a can. A gida Inna ta dubi ƙunshin, ta dube ni.

"A gaban mazan kika faɗa?"

"E, Inna."

"Da bakinki kika ce 'yarki?"

Na sunkuyar da kai.

Can ta ɗauko fartanya ta nufi bayan ɗaki, ta ce, "To tunda kin zama uwa yau, zo ki haƙa da kanki. Ki zurfafa."