Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan Maigida

Shekararmu tara da aure ban taɓa kama sunan maigidana ba. Haka na taso na tarar a ƙauyenmu, mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ni kuwa da ma Allah ya yi ni da wasiwasi. Ko a rediyo aka ambaci mai irin sunan, sai in sunkuyar da kai kamar daga bakina ya fito.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Wata rana da la'asar aka aiko cewa motar da ta kwaso 'yan kasuwa daga Kiyawa ta faɗi, kuma maigidana yana ciki. Muka fita ni da surukata, Inna. Sai a bakin asibiti na lura takalmina wari da wari ne.

Muka tarar da wani dattijo a bayan tebur, da babban littafi a gabansa.

"Wa kuke nema?"

Na ce, "Maigidana."

"'Yata, duk waɗanda aka kawo masu gidan wasu ne. Wasu suna ɗakin maza, wasu kuma..." Bai ƙarasa ba. "Sunansa?"

Na dubi Inna. Inna ta dubi bango. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma Bafulatana ce ta gaske, tun da ta haife shi "wancan" take ce masa.

Ta ce, "Dogo ne. Yana ɗan ɗingishi."

"Hajiya, yau ai duk ɗingishi suke. Littafin nan kuma babu hoto."

Wata mata daga bayanmu ta ce, "Ke baiwar Allah, faɗi mana mu ma mu samu wuri! Sunan nan cizo yake yi?"

Na buɗe baki. Ina so in san ko yana da rai, wallahi ba abin da nake so kamar wannan. Amma ga Inna a gefena, kafaɗarta na gugar tawa, harshena ya ƙi motsi. Har yau in na tuna sai in nemi gafara, don na bar ƙaramin abu ya tare babba.

Dattijon ya ɗan dube mu, ni da Inna.

"Kin yi makaranta?"

"Firamare, Baba."

Ya yago 'yar takarda, ya turo mini tare da biro. "To rubuta."

Ko a nan sai da na tambaya, "Baba, rubutun ba laifi?"

"In da laifi, a kaina."

Na rubuta sunan, nasa da na mahaifinsa. Ya karɓa, bai karanta a fili ba, ko leɓensa bai motsa ba. Ya bi layukan littafin da yatsa har ya tsaya, sannan ya mayar mini da takardar.

"Ɗakin maza, gado na shida. Ƙafa ce ta karye. Yana ta surutu ma."

Inna ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi.

Da muka shiga takardar na dunƙule a hannuna. Maigida ya karɓa ya duba, ya ce, "Au, ashe kin san shi? Na ɗauka kin manta tun ranar ɗaurin aure."

Dattijon nan ban sake ganinsa ba, sunansa ma ban tambaya ba. Bayan kowace salla in na zo kansa sai in ce, "Allah, mai littafin nan." Na san ba sai na ƙara kwatance ba.